Kafin a Ɗaura Masa Ruwan Suga

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin jinya, fiye da rabinsu a ɗakin taimakon gaggawa, kafin in ajiye farar riga in koma gonar masarata da ke hanyar Bakori. Cikin dubban mutanen da suka bi ta hannuna akwai ɗaya da har yau in na hango shi zaune a ƙofar gidan yayansa sai in ji kamar in sake hanya. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi asibitin ba. Kuskuren da zan ba da labari da hannuna na yi shi.

Cikin marka aka kawo shi, wajen ƙarfe ɗaya na dare, kwance a bayan a-kori-kura, an lulluɓa masa leda saboda yayyafi. Ɗan dako ne a kasuwar hatsi ta Ɗandume, ƙato wanda a da yake saɓa buhun masara kamar ya ɗauki filo. Ranar kuwa sai da mutum biyu suka tallafe shi, yana taka ƙasa ƙafafu a wawware kamar mai tsallaka kunya bayan an ɗauke ruwa.

Yayansa ne ya yi bayani. "Likita," ya ce, domin a ƙauye duk mai farar riga likita ne, "kwana biyar ke nan ba abin da ya zauna a cikinsa. Ko kunu ya sha sai ya dawo. Shekaranjiya kuma ya fara surutai, wai ga macizai nan suna bin bango. Mun yi ruƙiyya, mun yi hayaƙi, abin sai gaba yake yi."

Na ce, "Alhaji, yana shan wani abu ne?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Subhanallahi! Ai goro ma bai dame shi ba."

Matar tana tsugune a bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ko uffan ba ta ce ba. Na sunkuya na shinshina bakinsa, ban ji warin komai ba, sai na yarda. Na haska masa tocila a ido, na ga ƙwayar idon tana rawa, ta fizga gefe ta dawo, ta fizga ta dawo. Na gani sarai, na ce a raina jiri ne da yunwa. Daga nan na yi abin da aka saba: na nemi jijiya, na ɗaura masa ruwan suga, leda biyu kafin asuba, na haɗa da allurar maleriya. Da gari ya waye ya daina surutai, ya yi lamo. Dangi suka ce alhamdulillahi, ya samu barci. Ni ma haka na rubuta a fayil.

Sai a rana ta huɗu wani likita da ya zo daga Zariya duba wani majinyaci daban ya ratsa ta gadonsa, ya tsaya. Ya ɗaga yatsa ya ce masa ya bi shi da kallo, dama da hagu. Idon ya ƙi kaiwa gefe. Likitan ya ce maza su ba shi wuri, ya jawo kujera ya zauna nesa kaɗan da matar, ya yi ƙasa da murya.

"Baiwar Allah, ni ba alƙali ba ne, ba kuma ɗan sanda ba. Abin da kika faɗa mini a ɗakin nan, a nan zai tsaya."

Ta jima tana murza bakin mayafinta. Sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, maigidan ya fi shekara goma yana sha. Da burkutu ya fara, ya koma 'yar ledar nan. In ya samu kuɗin dako ita ce kalacinsa, ita ce tuwon darensa. Ciwon nan ne ya sa ya bari."

Likitan ya waiwayo gare ni. "Malam, an ba shi tayamin?" Na ce jiya na zuba masa Bi-Ko, wato haɗin bitamin B, a ruwa, ga shi nan ma ruwan ya yi ɗorawa. Ya girgiza kai kawai. Muka duba kabad babu tayamin, aka zaga kemis-kemis na gari babu, sai da aka ba direban mota saƙo zuwa Zariya, washegari ya iso. Kwana biyu da fara allurar idon ya daidaita. Bayan mako biyu ya miƙe yana dogara sanda. Tunaninsa ne bai dawo ba, har yau.

In ka gaishe shi zai amsa da fara'a, ya tambaye ka iyali da gona. Ka shiga gidan ka sha ruwa ka fito, zai sake gaishe ka kamar rabonku da juna tun bara. Ka ce masa daga ina, sai ya ce yanzun nan ya sauko daga Ɗandume, sun loda tirela uku za su Legas, alhali ya yi shekaru bai taka kasuwa ba. A wurinsa gaskiya yake faɗa. Ƙwaƙwalwar ce ta tarar da rami, ta cike shi da abin da ta samu. Yana iya lissafa maka sunayen shanun huɗar mahaifinsa da farashin buhu a zamanin Abacha, amma bai san ko ya karya da safe ba.

Ciwon yana da suna, kuma ya girmi kakanninmu a littattafan likitanci. A 1881 wani likitan Jamus, Carl Wernicke, ya bayyana shi a jikin mutum uku: ruɗewa, ido mai rawa ko wanda ya ƙi juyawa, da tangaɗi wajen tafiya. Daga 1887 wani likitan Rasha, Sergei Korsakoff, ya yi rubutu a kan ɗaya rabin, wato mutumin da ya kasa riƙe sabon abu yana cike gurbi da labarin da bai faru ba. Daga baya aka gane ciwo ɗaya ne mai zango biyu. Zangon farko na gaggawa ne, ana iya juyo da shi cikin kwanaki. Na biyu in an shiga, kaɗan ne ke fitowa sumul. Littattafai sun nuna cewa cikin masu zangon farko mutum ɗaya zuwa biyu cikin goma kan mutu, kuma kusan takwas cikin goma na mashayan da suka tsira kan faɗa zango na biyu.

Tushensa rashin bitamin B1 ne, wanda ake kira tayamin. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin mutum ba, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma kusan duk daga suga take samunsa. Suga ba ya ƙonuwa yadda ya kamata sai da tayamin. Manoman rani na Ɗanja da Ƙafur za su fi kowa ganewa: ka ɗauki injin ban-ruwa wanda baƙin mansa ya ƙare, ka cika masa tanki da fetur, ka ja igiya ka ba shi wuta. Kowa ya san abin da zai biyo baya. Ledar ruwan sugan da na ɗaura wa mutumin nan fetur ce, ɗan guntun tayamin da ya rage a jikinsa kuwa ta ƙarasa cinye shi. Wuraren da ke fara lalacewa a can tsakiyar ƙwaƙwalwa suke, ciki har da wasu 'yan ƙulalai biyu da ba su fi ƙwayar wake ba, waɗanda sabon abu ke bi ta kansu kafin ya zauna a kai.

Jiki ba ya yin tayamin da kansa, ba ya kuma tara shi da yawa. Abin da ke ajiye a jikin babban mutum bai wuce kimanin miligiram 30 ba, kuma cikin mako biyu zuwa uku yake ƙarewa in ba a ƙara ba. Barasa kuwa ta kowace ƙofa take tare shi. Tana kashe yunwa, mai sha ya daina cin abincin kirki. Ɗan abin da ya ci, tana hana hanji tsotsewa. Wanda aka tsotsa, hantar da ta gaji ba ta iya ajiye shi. In aka ƙara da amai na kwana biyar, magana ta ƙare.

To, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Littattafan da muka karanta a makaranta, a ƙasashen da mutum ke cewa likita kwalba nawa yake sha a mako aka rubuta su. Suna cewa: in tarihi ya nuna majinyaci mashayi ne, ka yi zargin ciwon. A ƙasar Funtuwa da Malumfashi wane ne zai ba ka wannan tarihin? Tun watan Agusta na 2000 jihar Katsina ke kan tsarin shari'ar Musulunci, kuma kowa ya san haddin shan giya a mazhabarmu bulala tamanin ne. Kafin bulalar ma akwai abin da mutane suka fi tsoro: a ji a unguwa, a fasa auren 'yarsa, liman ya daina ba shi hannu. Saboda haka mai sha yana ɓoyewa, matarsa tana rufa masa asiri, yayansa ko ya sani zai rantse bai sani ba. Ni ban ga laifinsu ba. Amma doka ta kori mashaya daga bakin titi ne, shan kuwa ya koma aljihu. Ledar barasa ba ta fi ta man shafawa girma ba, ana tsotse ta a bayan tasha a jefar. A watan Fabrairu na 2024 hukumar NAFDAC ta ce ta haramta barasar leda da ta ƙananan robobi da ba su kai mililita 200 ba, masu kamfanoni suka yi ca, aka ɗaga wa'adi. Ko da an kawar da ita gobe, waɗanda suka shekara goma suna sha suna nan, kuma gadonmu za a kawo su.

Wani zai ce ai wannan matsalar ƙauyukan Maguzawa ce da ke dafa burkutu a yankin Malumfashi da Ƙafur, ko ta baƙin da jirgin ƙasa da auduga suka tara a Funtuwa tun zamanin Turawa. Wanda ya yi aikin dare a asibiti ba zai faɗi haka ba. Na ga direba, na ga birkila, na ga malamin makaranta, na ga mai saje da carbi a aljihu. Wanda ke shan burkutu a fili ma ya fi sauƙin magani, tunda in ka tambaye shi zai faɗa maka ƙwarya nawa.

Wari kuma ba ya taimako. Mai shan da ciwo ya kwantar ya riga ya kwana uku ko huɗu bai sha ba kafin a kawo shi, bakinsa tas. A daidai wannan lokacin ne kuma jikin da ya saba da barasa ke bore: karkarwa, gumi, ganin macizai da kunamu a bango, wani lokaci har da jijjiga. Dangi su ga haka su ce iska ce, a tafi wajen malam, a ƙara kwana biyu ba ci ba sha. Murray Last, Baturen nan da ya rubuta tarihin Daular Sakkwato, ya zauna a wani gidan Maguzawa kusa da Malumfashi wajen 1970 yana nazarin yadda mutanenmu ke neman magani, kuma daga baya ya yi rubutu a kan yadda rashin sanin ciwo, da rashin son a sani, ke da gurbinsu a al'adarmu ta jinya. Sama da shekara hamsin ke nan, ni dai a wannan fannin ban ga abin da ya sake ba.

Ko a inda mutane ke faɗin gaskiya ciwon yana kuɓuce wa likitoci. A 1986 Clive Harper da abokan aikinsa a birnin Perth na Ostareliya suka bi fayilolin mutum 131 da aka tabbatar da ciwon a ƙwaƙwalwarsu bayan sun mutu. Kashi 80 cikin 100 ba a gane suna da shi ba sai a kan teburin binciken gawa. Alamomi ukun nan da muka haddace don jarrabawa, kashi 16 cikin 100 kacal ne suka haɗa su. Wannan a ƙasar da ke da likitocin ƙwaƙwalwa da na'urori ke nan. Mu da ba ma binciken gawa, muna binnewa kafin azahar, sai mu rubuta maleriya ta hau kai, ko taifot, ko hanta, mu rufe fayil.

Saboda haka ra'ayina shi ne mu daina jiran ikirari. Duk babban mutumin da aka kawo a ruɗe, ko yana tangaɗi, ko idonsa na rawa, kuma ga alamar ya jima bai ci abincin kirki ba ko yana ta amai, a ba shi tayamin ta jijiya nan take, kafin ruwan suga ko tare da shi, ko ya ce yana sha ko ya rantse da Alƙur'ani bai taɓa ba. Ba ni na ƙago wannan ba. Tun 1997 wasu masu bincike a Ostareliya, Caine da abokan aikinta, suka nuna cewa alamomi biyu cikin huɗu sun isa a fara magani: rashin cin abinci mai kyau, matsalar ido, tangaɗi, da ruɗewa ko mantuwa. Ba a buƙatar gwajin jini, ba a buƙatar a kai mutum Shika ko Kano a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Tocila da yatsa sun wadatar. Wannan kuma ba ya hana a nemi sauran abubuwan da ke ruɗa mutum, a gwada maleriya, a duba wuya saboda sanƙarau, a shafa kai ko ya faɗi ya bugu. Allurar tayamin ba ta tare wa kowane magani hanya.

Kada kuma wani ɗalibin jinya ya karanta wannan ya je ya hana mai faɗuwar suga suga. Mashayi na cikin waɗanda sugansu ya fi saurin faɗuwa, kuma faɗuwar suga tana kashe ƙwaƙwalwa cikin ɗan lokaci. In ka gwada ka ga ya yi ƙasa, ba shi a take, ka bi shi da tayamin ba tare da ɓata lokaci ba. Haɗarin yana ga leda bayan leda, dare da yini, babu tayamin, kamar yadda na yi.

Sai maganar Bi-Ko, wadda ta yaudare ni kuma tana yaudarar da yawa daga cikinmu. Mun saba mu fasa kwalba ɗaya mu zuba a ruwa, ruwan ya yi ɗorawa, dangi su ji daɗi an sa magani mai ƙarfi. Launin nan na wani bitamin ne daban, B2. Ɗauki kwalbar ka karanta takardarta, za ka ga B1 ɗin da ke ciki a yawancinsu 'yan miligiram ne. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Turai a 2010 ta ce a ba da miligiram 200 sau uku a rana ta jijiya. A Birtaniya abin da aka fi bi ga mashayin da ake zargi da ciwon ya kai miligiram 500 sau uku a rana na kwana biyu zuwa uku, sannan a rage. In kwalbarka mai miligiram 100 ce, kwalba shida ke nan zuwa goma sha biyar a rana ɗaya. Ƙwaya ta baki kuwa ba ta fitar da kai a wannan hali, domin lafiyayyen hanji ma kaɗan yake iya tsotsa a lokaci guda, balle wanda barasa ta jiƙa shekara goma. In an ba da tayamin mutum bai motsa ba, a tuna da maganiziyam, domin tayamin ba ya aiki sai da shi, kuma mashayi na yawan rasa shi. Wannan kam ba sai an je Zariya ba, yana nan ɗakin haihuwa inda ake ajiye shi don masu jijjigar naƙuda.

Na ambaci ɗakin haihuwa, bari in tsaya a nan, domin a nan ne duk mai ƙyamar mashayi ya kamata ya saurara. Cikin mutum ukun da Wernicke ya fara bayyanawa, biyu ne mashaya. Ta ukun wata matashiya ce mai ɗinki da ta sha guba, mafitar cikinta ta tsuke, ta yi ta amai har ciwon ya kama ta. Mu ma muna da irinta a kowane mako: yarinya mai cikin fari, laulayi ya kayar da ita, wata guda ko ruwa ta sha sai ya dawo. A kai ta kemis a ɗaura mata ruwan suga, jibi a ƙara, gata a ƙara, ba wanda ya yi zancen B1. In ta fara ganin abu biyu-biyu, tana magana ba kan gado, sai a ce mayu ne ko kishiya. Yarinyar da ko warin giya ba ta sani ba, ciwon mashaya ya same ta, kuma kwalbar da za ta cece ta ita ce wadda za ta ceci ɗan dakon can. Haka mai tarin fuka da ya rame, da wanda aka yi wa aikin hanji, da wanda ya fito daga hannun 'yan bindiga bayan watanni a daji yana cin abin da ya samu. A Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara wannan na ƙarshe ba baƙon abu ba ne yanzu.

Abin takaici, a rumbun tayamin muke zaune. Gero, dawa, wake, gyaɗa, duk suna da shi. Amma a dusa ya fi taruwa, mu kuwa mun fi son tuwo fari ƙal, sai mu kai masara inji a surfe ta tas, mu ba akuya dusar. A shekarun 1890 wani likita ɗan Holan, Christiaan Eijkman, ya lura a tsibirin Jaba na Indunisiya cewa kajin da ake ba farar shinkafa ƙafafunsu na shanyewa, in an koma ba su wadda ba a goge ba sai su miƙe. Daga wannan lura aka bi sawu har aka gano bitamin ɗin, shi kuma ya samu kyautar Nobel a 1929. Shinkafarmu ta gida da ake turarawa kafin a casa ta fi riƙe shi, domin turarin yana tura shi cikin ƙwaya. Kanwa kuma, wadda uwargida ke jefawa a wake don ya yi saurin nuna, tana lalata wani kaso nasa a tukunya. Ban ce a daina tuwon masara ba, ni ma shi na ci jiya da miyar kuka. Amma mutumin da abincinsa farin tuwo ne da burodi da shayi, ya ɗora barasa a kai, da ƙaramin guzuri ya shiga hanya. Ostareliya da ta ga yawan masu ciwon a cikinta, a 1991 ta wajabta zuba tayamin a fulawar burodi, kuma binciken gawa da aka yi bayan haka ya nuna sun ragu sosai. Garin da muke niƙawa a injin unguwa babu mai ƙara masa komai.

A Najeriya ma an taɓa warware irin wannan ƙulli. A ƙasar Ijesha da kewayenta, shekara da shekaru mutane na kamuwa da karkarwa da tangaɗi duk ƙarshen damina ba a san dalili ba, sai a farkon shekarun 1990 likita Bola Adamolekun ya danganta abin da wata tsutsa da ake ci a wannan lokaci. Aka gano tana ɗauke da sinadarin da ke rusa tayamin, aka kuma ga masu ciwon na warkewa da B1. Mutum ɗaya ne ya tsaya ya duba da kyau.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce, domin na ji shi a ɗakin shan shayi ba sau ɗaya ba: shi ya jawo wa kansa, ga masu ciwon Allah da Annabi suna jiran gado. Na fahimci gajiyar da ke sa mutum faɗin haka da ƙarfe uku na dare. Amma ba mu taɓa tambayar ɗan acaɓa ko gudun ganganci ya yi kafin mu ɗinke masa kai ba. Shan giya haramun ne, ba na jayayya da wannan, kuma malamai su ci gaba da wa'azi. Sai dai malaman nan su suka karantar da mu labarin da ke cikin Bukhari, na sahabin da aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, har wani ya gaji ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. Mutumin da aka bari ƙwaƙwalwarsa ta lalace, ko tuba ya yi da safe ba zai tuna da yamma ba. Nauyinsa kuma a kan wa yake faɗawa? A kan matar nan mai mayafi, wadda yanzu ke sayar da ƙosai tana ciyar da shi da 'ya'ya biyar.

Wasu kuma na tsoron allurar B1 ta jijiya, wai tana iya sa jiki ya yi bore mutum ya shiɗe. Yana faruwa, amma da wuya ƙwarai. A sirka ta a ruwan gishiri a bar ta ta shiga a hankali cikin rabin awa, a ajiye adirenalin a kusa kamar yadda muke yi wa maganin dafin maciji da sauran allurai. Magani ne tsoho, tun shekarun 1930 ake haɗa shi a masana'anta, ba ya buƙatar firji, duhu kawai yake so, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin mota da hoton ƙwaƙwalwa a birni ba.

A shekarun 1970 Malumfashi ce wurin da masana daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool suka zauna suna ƙirga tsargiya da maleriya da saran kububuwa ƙauye-ƙauye, har duniya ta karanta sakamakon. Ina roƙon wani matashin likita a Funtuwa ko Malumfashi ya ɗauki littafi ya yi shekara guda yana rubuta duk babban da aka kawo a ruɗe: me idonsa ya nuna, an ba shi B1 ko ba a ba shi ba, yaya ya ƙare. Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina ta sa tayamin na allura cikin magungunan da dole a same su a kabad ɗin gaggawa da na ɗakin haihuwa a manyan asibitocin Funtuwa, Malumfashi da Ƙanƙara da ƙananan da ke ƙarƙashinsu, a ajiye shi gefen ledojin ruwan suga inda hannu zai fara taɓa shi. Makarantar ungozoma ta Malumfashi da makarantun kiwon lafiya na Kankiya da Daura su koya wa ɗalibai duba ido da yatsa, su kuma koya musu fitar da maza waje kafin a tambayi matar. Masu kemis da ke ɗaura ruwa a bayan kanti, tunda na san ba za ku daina ba, ku dai daina ɗaura wa mai amai ruwan suga tsura.

Kai kuma mai karatu, in Allah ya jarrabe ka da ɗan'uwa mai sha, ranar da ka ga ya ruɗe ko yana tangaɗi alhali bai sha ba, kada ka kwana da shi a gida. Kai shi asibiti, ka ja ma'aikacin gefe ka faɗa masa gaskiya a kunne, aikinsa ne ya riƙe maka sirri. In kunya ta hana ka, to ka ce masa kawai: "Malam, ya jima ba ya cin abinci, don Allah a sa masa B1 ta jijiya tare da ruwan."